Kububuwa a Damin Gero

Unguwar da nake zaune yanzu a Arkilla, wajen ɗana, a da gonaki ce. Ban iya nuna inda gonar babanmu take ba, don kwalta da katangu sun haɗiye duk wata alama, har tsamiyar da ake ɗaure jakuna a gindinta. Amma ƙasar tana nan, abin da ke cikinta ma bai tashi ba. Kwanakin baya masu haƙar tushen gini a filin bayanmu suka kashe kububuwa. Jikata ta shigo ɗakina tana dariya, ta miƙo mini waya in gani. Ga samari sun rataye ta a kan sanda, wani yana matse mata wuya don bakin ya buɗe, wani yana kai fuskarsa kusa a ɗauke shi hoto. Daga nan wayar ta zarce zuwa wani mutum da ya naɗa maciji a wuya yana lasar kansa, yana tallar garin magani a ƙullin leda, wai wanda ya sha, ko gamsheƙa ta sare shi ita za ta mutu. Na ture wayar. Yawu ya cika mini baki, irin mai ɗumin nan da ke zuwa kafin amai. Yarinyar ta ce, "Hajiya, ai ƙarama ce, ba ta kai tsawon hannuna ba." Na ce ta ɗauke abin daga gabana ta ba ni ruwa in kurkure baki.

Yaran yanzu garin tuwo suke gani a leda, ko a kai hatsi inji a dawo da shi. Ba su san dami ba. A gidanmu na Ƙofar Taramniya, idan kaka ta yi, tun da hantsi za ka ji takun jakuna a lungu da muryar masu kora su, ana sauke dammunan gero a zaure, mu kuma muna ja zuwa cikin gida muna jinginawa a jikin rumbu. Daga nan sai sussuka. Taɓaren wannan gida na amsa na wancan, har mutum kan gane matar da ke daka daga jin saukar taɓaryarta. Ta Inna, mahaifiyata, ba ta da gaggawa, amma ba ta tsayawa. Ƙaiƙayi ya bi iska ya shiga wuya da hammata, mu yini muna susa. Kurciyoyi su jeru a kan katanga suna jiran a juya baya. Ƙamshin sabon gero idan an surfa shi, da furar da ake kirɓawa da ɗuminta a ba ka ɗan curi a tafin hannu, waɗannan ina kewarsu, kuma na san ba za su dawo ba.

Sai dai idan na ji tsararrakina suna cewa zamanin da komai daɗi ne, nakan yi shiru. Dami ba shi kaɗai yake zuwa gida ba. Akwai hangara, wani ƙwaro da ke bin zangarniyar gero, wanda idan ka murƙushe shi a wuyanka cikin rashin sani, wurin zai tashi bororo kamar an ɗiga maka tafasasshen mai, ya fashe, ya bar jan nama a fili. Akwai kunama. A gindin randa akwai kwaɗi masu ƙuraje a baya, da ke fitar da wani farin ruwa mai kauri idan an matsa musu. Na ga karen wani maharbi a lungunmu ya cafki ɗaya, ya sake shi, ya yini yana dalalar da kumfa yana goga baki a ƙasa. Sannan akwai maciji, wanda manya ba sa yarda a kira sunansa bayan magariba, sai dai a ce igiyar ƙasa. Inna ta koya mana mu buga dami da sanda kafin mu taɓa, mu tsaya mu saurara. Kububuwa idan ta ji motsi takan naɗe tana goga jikinta da jikinta, sai ka ji wata ƙara kamar an yayyafa ruwa a kaskon tuya mai zafi.

Lokacin ni ce babba, na fara zama budurwa. Da yake ni ce 'yar fari, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "yarinyag ga". Baba manomi ne mai sanyin hali. Yayarsa, Goggo Hajo, ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, kuma da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da zama. Maganarta ce ake bi a cikin gida, Baba bai iya ɗaga ido ya musa mata ba. A shekarar Inna tana goyon ƙanena Shehu, ba ta daɗe da gama wankan jego ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Shehu na bayanta yana tsala kuka, tukunya na bisa wuta tana jiran gari, ni kuma ina bakin rijiya. Ita da ta koya mana dukan dami, ranar ba ta buga ba. Ta zura hannun dama ta zaro zangarniya, sai na ga ta fizge hannun ta dubi yatsanta.

Goggo ta ce, "Mi as same ki?"

Inna ta ce, "Abin ƙasa ya taɓa ni, Yaya. Amshi yaron ga."

Baba ya shigo da fartanya ya tone damin, ga kububuwa, ya kashe ta. 'Yar abu ce, launin ƙasa da ɗigo-ɗigo a baya. A yatsan Inna na tsakiya huda biyu ne kawai, kamar na ƙaya, jini na tsattsafowa. Na goge da gefen zanena, ya sake fitowa. Na sake gogewa, ya sake fitowa. Kafin a jima yatsan ya kumbura ya cika, kumburin ya haye bayan hannu. Inna na cije leɓe tana cewa kamar an tura hannun cikin garwashi.

Goggo ta ce a kira Jatau. Jatau gardi ne, mai wasa da macizai a bakin kasuwa, kowa ya san shi. Mu yara mun sha tsayawa kallonsa idan an aike mu, ana kaɗa masa ganga yana rawa da gamsheƙa a wuya, yana sayar da laya da garin magani. A lokacin ni ma ina ganin ba abin da ya gagare shi. Ya zo da kwandonsa a kai, aka shimfiɗa wa Inna tabarma a ƙarƙashin rumfa, aka lulluɓe ta da mayafi, hannun kaɗai a waje. Da ya tsuguna kusa da ni na ji warinsa, warin taba da tsohon gumi da wani abu kamar mushe. Ya kwance igiyar rama ya ɗaure dantsen Inna, ya ja har ta yi ƙara. Ya zaro aska daga aljihu, ya goga ta a cinyar wandonsa, ya tsattsaga yatsan da bayan hannun. Sannan ya kafa baki ya tsotsa, ya tofar a tsakar gidanmu, jini da yawu da dusar goro. Ya tauna wani saiwa ya fesa a kan tsagar, ya manna wani baƙin dutse.

Bai tsaya nan ba. Ya buɗe kwandon ya ciro gamsheƙarsa, wai ɗan'uwa shi ke janye dafin ɗan'uwa. Ina riƙe da kasko a ƙarƙashin hannun Inna, don haka na gan ta kusa, ba daga bayan taro ba. Bakinta a ruɓe yake. An fasa mata haƙora, wurin ya yi ruwa, mugunya fara-fara na fitowa ta gefen leɓe, ƙuda na binta. Ko kai ba ta iya ɗagawa sosai. Wannan bakin ya ɗauka ya goga a kan ɗanyen yankan da ya yi wa mahaifiyata. Na kau da kai, Goggo ta dungure ni ta ce in riƙe kasko da kyau. Daga ƙarshe ya dama wani baƙin gari a ƙwarya ya ce Inna ta shanye. Ta sha, ta yi ta amai har sai da ya koma kumallo, ruwan ɗorawa mai yauƙi. Jatau ya nuna shi da tsinke.

Ya ce, "Kun gani? Dahin ke nan ya hito. Kar a kwance igiyag ga. Gobe ni dawo."

Na san jini. Kowace babbar Sallah ni ke kwashe ƙasar da aka yanka rago a kai, kuma kafin a gama fiɗa jinin ya riga ya daskare, ya zama guda kamar hanta, ana ɗaga shi da kara. Jinin da ke cikin kaskon nan na ajiye shi a bayan rumbu na manta, sai bayan la'asar na je zubarwa. Yana nan yadda na bar shi, tsararo kamar ruwan zoɓo, ƙuda sun faɗa sun mutu a ciki. Na karkata kaskon ya gudana. Ban san ma'anar abin ba a lokacin. Tun daga ranar ban ƙara kai zoɓo bakina ba.

Tsummokaran da muke naɗe hannun da su kuwa ba sa jimawa suke jiƙewa. Dutsen Jatau ya faɗi tun da rana, don ba abin da zai manne a wurin da ke zuba. Na yayyaga tsohon zane, na yayyaga wani, ina wankewa a bakin magudana ina shanyawa, kafin su bushe ana neman su. Ƙarnin ya kama hannuna, ƙarni irin na wuƙar da ta kwana da jini, ko na goga toka da sabulun salo ba ya fita. Da aka zuba mini tuwo na kai loma kusa da hanci, sai na ajiye.

A wannan yammacin ne Shehu ya ishi kowa da kuka, Inna ta ce a miƙo mata shi ta ba shi nono. Goggo ta hana. Ta ɗauko ludayi ta ce Inna ta tatsa a ciki, ta je gindin rumbu ta kamo tururuwa ta jefa. Muka zuba ido. Tururuwar ta yi ta juyi tana neman gefe, ludayin na da santsi, ta zame ta koma, har ta daina motsi.

Goggo ta ce, "To, ga shi. Dahi ya shiga nono. Yaron ga ba shi shan shi, in ba so kuke a yi gawa biyu ba."

Ta sa aka sayo nonon shanu, ta sirka da ruwan rijiya, ta kwantar da Shehu a cinya ta toshe masa hanci ta yi masa ɗura. Yana shaƙewa yana haɗiya. Inna ta juya fuska bango.

Da gari ya waye na kai wa Inna ruwan alwala. Ta buɗe baki za ta yi magana, na ga haƙoranta jajaye. Dasashinta ne ke zuba, ta tofar ya sake taruwa. Wani ɗan yanka da wuƙa ta yi mata a ɗayan hannun tun kwanaki, wanda ya riga ya kame, ya buɗe yana ɗiga. Da na ɗauke gwangwanin da ta yi fitsari a ciki, ja ne. Jinin biƙi da ya ɗauke tun tuni ya dawo, ya ratsa zane ya ratsa tabarma. Hannun da aka ɗaure ya zama kamar taɓarya, ya yi baƙi, ya tashi manyan bororo masu duhun ruwa a ciki, yatsun sun yi sanyi. Tafin ƙafarta da cikin idonta sun yi fari fat. Duk ɗakin ƙarni, ƙuda har a leɓenta, ina kora suna dawowa.

Jatau ya dawo da hantsi. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce dafin ya tsallake igiya yana hawa, dole a tare shi kafin ya kai zuciya. Ya ce a janye mayafin daga ƙirjinta zai tsaga a saman nono. Ya fito da askar jiya, da busasshen jini a gindinta. Goggo ta kai hannu za ta janye mayafin.

A nan ne Inna ta kira sunana. Sunana na yanka, a gaban kowa, da wata murya ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin sa a bakinta ba, har na tsaya ina duban wa take nufi. Ta ce, "Ki riƙe Shehu da kyau, kin jiya?" Baba na tsaye a bakin rumfa, ya ji. Ina ganin shi ma a nan ya gane cewa sallama take yi. Ya tako ya kama wuyan hannun Jatau.

Ya ce, "Aje askag ga."

Goggo ta ce da Baba, "Mamman, bar shi shi yi aiki nai."

Baba bai dube ta ba. Ya ce, "Yaya, duk inda yat tsaga jiya har yanzu zuba shikai. Asibiti za mu."

Jatau ya miƙe yana kakkaɓe riga. "In anka yi mata allura bisa maganina, ba ni ciki. Na hwaɗi."

Baba ya ce, "Na jiya. Ɗauki kwandonka."

Maƙwabcinmu mai sayar da hatsi yana da a-kori-kura. Aka shimfiɗa buhuna a baya aka kwantar da Inna, ni na zauna na ɗora kanta a cinyata da tsumma a bakinta. A asibiti wata malama mai farin kaya, wadda ta kusa kai Goggo shekaru, ta dubi hannun, ta dubi Baba, ta tambaya wa ya yi wannan aika-aika.  Suka kwance igiyar a hankali, shatinta ya nutse cikin nama. Malamar ta ɗebi jinin Inna a 'yar kwalba ta ajiye a kan tebur, ta ce kar kowa ya taɓa. Bayan ɗan lokaci ta karkata ta a gabanmu, jinin ya gudana kamar na kaskona. Ta yi wa Baba bayani da Hausa, ina jin ta. Ta ce dafin kububuwa yana shiga jini ya cinye abin da ke sa shi daskarewa, shi ya sa ko'ina ke zuba, kuma duk tsagar da aka yi ƙofa aka ƙara buɗe masa. Ta ce amai ba ya fitar da dafi, tsotsa ma haka, igiyar kuwa hannun ta shaƙe.

Aka rataya wa Inna ruwa aka zuba maganin dafi a ciki. Jikinta ya ɗauki ɓari, ta yi ƙuraje masu ƙaiƙayi, suka tsayar, suka yi mata wata allura, suka ci gaba. Aka ɗebi jinin Baba da na wani ƙanenta aka ƙara mata. Washegari da na kawo kunu, na tarar malamar ta sake ɗibar jini a kwalba. Ta kira ni ta ce in zo in gani tunda ni ce mai wankin tsumma. Ta kifa kwalbar, jinin ya tsaya cak, guda ɗaya. Na dubi bakin Inna, haƙoranta sun fara komawa fari.

Jinin ya tsaya, amma hannun ya daɗe yana ba mu wahala. Bororon suka fashe, fatar ta saɓule, tsagar Jatau duk suka yi mugunya. Idan za a canza bandeji, matan gadajen kusa sukan ja mayafi su rufe hanci, Inna ta runtse ido don kunya. Yatsan da aka sara ya bushe ya yi baƙi kamar tsohuwar tsamiya, daga ƙarshe suka cire shi. Har ta bar duniya, shekaru masu yawa bayan haka, da yatsu huɗu take riƙe taɓarya.

Hanyata ta zuwa asibiti ta bakin kasuwa take bi. Wata safiya ina ɗauke da kwanon kunu na ji ganga, na ga taro. Jatau ne, da gamsheƙar nan a wuya. Na ji yana cewa, "Ku tambaya Ƙohwar Taramniya. Mace kububuwa tas sara, jini ta baki ta hanci, ni nit tsotse dahin da bakin ga nau. Yanzu tana nan da ranta." Ya sumbaci kan macijin, wannan ruɓaɓɓen bakin, mutane na miƙa hannu suna karɓar ƙulli. Budurwa ce ni a tsakiyar maza. Na ratse bayan wata rumfa na ajiye kwanon, na yi amai har idona ya yi ruwa.

A gida kuwa Shehu ne ke lalacewa. Tun kwana na biyu da fara ɗura cikinsa ya ɓaci. Zawo yake yi kore, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, yana bin ƙafarsa yana bin bayana idan na goya shi. Na gama da tsumman jini na koma na zawo. Duwawunsa ya saɓule, idanunsa suka faɗa, maɗigarsa ta lotsa har tana iya riƙe ruwa. Kukan ma ya daina fita, sai ya buɗe baki kawai. Fitsari ya ɗauke masa, in taɓa zanen goyo in ji shi a bushe in ban da zawon. Goggo ba mugunta take yi ba. Ba ta barci, tana jiƙa masa saiwoyi, tana tofa masa addu'a, tana kuka a ɓoye. Amma ta ga tururuwa ta mutu da idonta, kuma ba mai fitar mata da wannan daga kai.

Nonon Inna ya cika ya yi tauri a asibiti, yana zuba yana jiƙa mata riga. Malamar ta ce ta riƙa tatsewa kar ya ƙafe, ta kuma ce lafiyarsa lau, a kawo yaron ya sha. Baba ya kawo saƙon gida. Goggo ta ce sai dai a bi ta kanta.  Baba ya riga ya musa mata sau ɗaya a rayuwarsa, na biyun ya gagare shi. Ni kuma aka hana ni gaya wa Inna halin da ake ciki, wai kar hankalinta ya tashi. Kullum ta tambaye ni, in ce yana lafiya. Rannan ta kama gefen zanena da hannun hagu ta kai hanci ta shinshina.

Ta ce, "Zawo shikai. Tun yaushe?"

Na fashe da kuka. Ba ta ƙara tambayata komai ba. Ta aika aka kira malamar, ta ce gida za ta. Suka ce ciwon bai warke ba, ta ce za ta riƙa zuwa wanki kullum, amma yau a gida za ta yini. Da Baba ya zo ya tarar ta ɗaure kayanta da hannu ɗaya.

Bayan azahar muka shiga gida. Goggo na zaune a ƙarƙashin rumfa da Shehu a cinya, kamar ɗan tsako da ruwa ya doka. Inna ta gaishe ta yadda ta saba, har ƙasa, sannan ta zauna kusa da ita ta miƙa hannun hagu. Goggo ba ta ba ta shi ba. Ta ce da ni in ɗauko ludayi in kamo tururuwa a sake gwadawa. Na kawo, don ban san yadda zan ƙi ba.

Inna ta ce, "Yaya, ɗebo ruwan randa ki jehwa ta ciki. Ruwan da kike sha."

Goggo ta dube ta. Inna ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sauke hannun ba. Ni na je na ɗebo ruwan a ludayin na jefa tururuwar. Ta yi ta juyi, tana kama gefe tana zamewa, muna kallo mu uku, Baba na tsaye daga nesa. Can ta daina motsi.  Inna ta sa hannu ta ɗauke yaron daga cinyar Goggo, Goggo ba ta riƙe ba.

Da farko bai kama ba, ba shi da ƙarfin. Inna ta ce in tallafe masa kai, ta matsa nonon ya ɗiga a leɓensa, ya gangara gefen baki. Ta sake matsawa. Harshensa ya motsa. Ta yi ta yi, tana share masa da yatsa tana mayarwa, har muka ji ya haɗiye, sannan ya lalubo ya kama. Yana ja yana hutawa, yana ja yana hutawa. Da hannunta ya gaji, Goggo ta matso ba tare da an ce mata ba ta sa cinyarta a ƙarƙashinsa, ta ɗora tafin hannu a ƙirjinsa. Na san abin da take jira. Jira take ta ji numfashin ya tsaya, don ta yi imani guba yake sha. Haka ta zauna, ba ta tashi ba sai don sallar la'asar, ta dawo ta mayar da hannun inda yake. Ya sha ya yi barci, ya farka ya sake sha.

Rana ta yi sanyi, inuwar rumbu ta kai bakin rijiya, sai na ga Goggo ta ɗan zabura ta dubi cinyarta. Wani duhu na yaɗuwa a zanenta, yana gangarawa zuwa gwiwa. Goggo mace ce mai ƙyanƙyami, ko ɗigon fitsarin yaro ya taɓa ta sai ta canza zane ta yi ta mita. Ta sa yatsa ta taɓa, ta kai hanci.

Ta ce, "Hitsari ne. Mamman, zo ka gani, ya yi hitsari."

Na ɗauko buta da wani zane na kawo mata. Ta ce in aje, kar in motsa shi, bai gama sha ba.